Rumfar da Ta Tare Hanyar Makara

Ku 'ya'yana, akwai wani yabo da kuka daɗe kuna yi mini, ni kuma na daɗe ina haɗiye shi ba tare da na tauna ba, yanzu ya fara tsaya mini a wuya. Duk wanda ya tashi ba da labarina a cikinku sai ya ce Baba ya riƙe Mma Sanatu a ciwonta na ƙarshe yadda ɗanta na ciki ma bai fi shi ba, kullum da safe yana ƙofarta da koko da ƙosai, ya bi ta asibiti, ya nemo mata rubutun sha. Duk an yi, ban musa ko ɗaya ba. Abin da ba ku sani ba shi ne dalili. Karatun bokona aji uku ne, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi, saboda haka in kun ga layi ya karkace ku gyara da ido. Maganar kanta a miƙe take.

Jikokina da aka haifa a Kumasi ba su san yadda gidanmu na zangon Yendi yake zaune ba, bari in zana musu. Ƙofarmu tana kallon titi, kwata ce kawai tsakaninmu da shi. A hannun hagu akwai lungu, ya bi jikin katangarmu ya shige ciki, bai kai kowa ko'ina ba sai gida ɗaya, gidan Mma Sanatu, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa, ita da ɗanta Fuseini tela. Ba su da wata mafita, bayansu da gefensu duk katangun mutane ne. Mahaifinmu, da ya baro Salaga da fataucin goro ya zauna a nan, shi ya bar lungun da faɗinsa. Duk wanda ya girma a zango ya san da me ake auna irin wannan lungu. Da makara ake aunawa, ita da mutum huɗun da ke ɗauke da ita, biyu a gaba biyu a baya, kafaɗunsu a waje. In sun wuce ba su goga katanga ba, lungu ya yi. Na san wannan tun ina yawo ba wando. Sanin bai hana ni komai ba.

Shekarar da abin ya faru, babban wanku Mahama ya aiko mini da mota daga Kumasi. Tsohuwa ce, shuɗiya, ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa sai daga ciki, amma a layinmu kaf babu mai irinta, kowa babur. Ni kuwa ban iya tuƙi ba, har yau ban iya ba. Da la'asar nakan shiga in zauna a kujerar direba, in sauke gilashi, in kunna rediyo, in riƙa amsa gaisuwa da hannu ɗaya a waje. Sai rana ta fara cin fentin, awakin unguwa suka mai da bayanta wurin hira. Na ce sai rumfa. Gaban gida babu fili saboda kwata, wurin da ya rage shi ne bakin lungu. Na kira mai walda, muka kafa bututun ƙarfe huɗu a cikin kankare, biyu a jikin katangarmu, biyu a cikin lungun, aka ɗora kwano sabo mai walƙiya, aka daɓe ƙasa da siminti. Na bar wa mutanen baya hanya daidai wucewar mace da bokiti a ka, ko babur in mai shi ya naɗe gwiwa.

Uwarku Azara ta yi magana tun ana haƙa rami. Ta ce yanzu ba da ba ne, ko kejin kaji mutum zai yi sai ya je ofishin asambili, wato hukumar gari, ya karɓo takardar izini, wadda suke kira famit. Na ce mata ubana ya gina ɗaki tara a wurin nan bai gai da akawu ko ɗaya ba, ni kwano shida zan ɗora ta ce in je in durƙusa. Ta ce to, lungun fa? Na yi kamar rediyo ya fi ta ƙara. Bayan kwana biyu da gama aiki Fuseini ya zo, ya cire takalmi tun daga bakin simintin, ya tsuguna ya gaishe ni, ya yaba rumfa, ya yaba mota, ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya ce shi dai tsohuwa yake tunani, in ta Allah ta kasance ta ina za a bi da ita. Har yau ina jin amsar da na ba shi a kunnena.

"Fuseini, Mma Sanatu ce za ta mutu? Ai ita za ta binne mu duka, ta dawo ta ci waken sadakarmu."

Mutanen da ke zaune suka yi dariya, ni ma na yi, na fi kowa. Fuseini ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci, ya sa takalminsa ya tafi.

Ba a yi wata ba mutanen ofis suka zo. Mutum biyu a kan babur, da hantsi, na baya yana rungume da gwangwanin jan fenti. Na gaban ya sauko da tef ɗin awo da wani babban littafi, bai gai da ni ba sai da ya zagaye rumfar sau biyu. Ba ɗan gari ba ne, Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, amma na fahimce shi tsaf, tsoro ya iya fassara. Ya tambayi famit, na ce ana hanya. Ya tambayi takardar fili, na ce tana wurin manya. Ya tambayi zanen gida, na nuna masa gidan da hannu na ce ga shi nan a zane. Bai yi dariya ba. Ya ɗaga wa na bayan kai, shi kuma ya tsoma buroshi ya rubuta manyan baƙaƙe ja a katangarmu, ya ja gicciye a jikin bututun da ke cikin lungu. Fentin yana gangarowa kamar an yanka wani abu a wurin. Sannan ofisan ya rufe littafinsa ya dube ni.

"Baba, na rubuta shi yadda na gan shi. Kar ka ƙara, kar ka cire, kar ka taɓa ko ƙusa ɗaya sai an gama magana a ofis. In na dawo na ga an taɓa, ba rumfa kaɗai za mu duba ba, gida duka za mu duba. Gida da ba takarda, ka san katafila."

Na san katafila. Na taɓa tsayawa a bakin kasuwa na ga ta cinye layin shaguna kafin mai shayi ya gama haɗa kofi ɗaya, mata suna gudu da kekunan ɗinki a ka. Daga ranar barci da ci suka ƙaurace mini. Duk babbar motar da ta rage gudu a titinmu sai in miƙe in nufi bayan gida, Azara ta daina tambaya ta koma ajiye mini buta a cike. Mutum goma sha tara ne ke kwana a gidan nan lokacin, har da matar marigayi wana da marayunta, kuma a sanina babu wata takarda da ta ce gidan namu ne, sai goron da ubanmu ya kai fadar sarki shekaru aru-aru, wanda aka tauna aka tofar tun kafin a haife ni. Na daina shiga motar. Tayoyinta suka sace a hankali, ta zauna a kan ƙafafunta.

Ana cikin haka, sati biyu bayan jan fenti, Mma Sanatu ta faɗi a bakin murhu. Gefenta ɗaya ya mutu. Da za a kai ta asibiti, a bayansa Fuseini ya goyo ta ya fito da ita ta wannan 'yar hanyar, ƙafarta tana bugun bututun ƙarfen, ni ina tsaye ina kallo. A nan na ga ramin da na haƙa wa kaina. In ta mutu, makara ba za ta shiga ba, ba za ta fito ba, sai dai a naɗe tsohuwa a tabarma a jawo ta a karkace, ko a miƙa ta ta kan katanga kamar buhun masara, garin Yendi duka yana kallo, kuma kowa ya san rumfar wa ce. In na sare bututun, na taɓa abin da aka ce kar in taɓa, katafila ta zo wa mutum goma sha tara. Hanya ɗaya na gani, kada Mma Sanatu ta mutu sai famit ya fito. To, kun ji inda kokon safe ya samo asali. Ni na fi kowa son ranta a duniyar nan, har da Fuseini, amma ba don Allah ba.

Na fara da ƙaryata idona. Na ce wataƙila lungun bai matse yadda nake gani ba. Wata rana tsakanin azahar da la'asar, lokacin da masallaci ba kowa, na ɗauki igiyar shanyar Azara na zagaya bayan masallacinmu inda ake jingine makara. Na kwantar da ita a ƙasa, na auna faɗinta na ƙulla, na ƙara kafaɗata ta dama na ƙulla, na ƙara ta hagu na ƙulla. Don in tabbatar da tsawon wurin juyawa, har kwanciya na yi a gefenta. Ina kwance na ji gyaran murya. Afa Yakubu ne, limaminmu, da butarsa a hannu, yana kallona daga sama.

"Seidu, in kai ne, kar ka damu, za ta ɗauke ka har da saura."

Na ce masa gani na yi kamar ƙafarta ɗaya tana rawa, ina so in kira kafinta. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya dubi igiyar da ƙullinta uku, ya dube ni, ya wuce alwala. Na tafi lungu na shimfiɗa igiyar tsakanin bututu da katangar maƙwabta. Ta fi wurin da taƙi biyu da 'yan yatsu. Na sake aunawa ina ja da ƙarfi ko igiyar za ta ji tausayina ta gajarce. Taƙi biyu da 'yan yatsu.

Sai na shiga neman takarda da gudu. A ofis wata mata mai tabarau ta lissafa mini abin da ake so: shaidar fili, zanen wuri daga mai awo, da yardar duk magada tunda gidan gado ne. Mu uku muka rage, ni da Yaya Memuna a Salaga da ƙanenmu Alhassan mai albasa a Bawku. Kafin in hau mota sai da na shiga na duba Mma Sanatu, na tsaya ina ƙirga numfashinta, na ce wa Fuseini ko tari ta yi ya buga mini waya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce bai san yadda zai gode mini ba. Na ce ba komai, maƙwabtaka ce.

Yaya Memuna ita ke riƙe da adakar ubanmu. Ta bar ni na ci tuwo na ƙoshi, ta bar ni na gama ƙaryar cewa gwamnati ce ke sabunta takardun kowa da kowa, sannan ta jawo adakar daga ƙarƙashin gado. Ashe akwai takarda. Tana naɗe cikin tsohon rawani, ta yi ja saboda tsufa, malamin fada ne ya rubuta ta da ajami, ga tambarin sarki a ƙasa. Na ji kamar in yi rawa. Yaya ta ce idonta ya mutu, in karanta mata ta ji muryar Baba. Ajami dai na fi boko iyawa, na fara bi a hankali, sunan ubanmu, sunan unguwa, iyaka ta gabas titi, ta kudu gidan wane. Da na iso iyakar arewa sai na ga abin da aka rubuta, na yi tari, na tsallaka zuwa sunayen shaidu.

"Ka tsallake layi," in ji Yaya.

Na ce tawada ce ta goge a wurin.

"Ba ta goge ba. Ta arewa, hanyar makara, ba tasa ba ce, ba ta magadansa ba ce. Sau nawa Baba ya karanta mini ita. Seidu, me ka gina?"

Na gaya mata. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dangwala yatsanta a takardar yarda, ta naɗe takardar Baba ta miƙo mini, ta ce ita ba za ta zo Yendi jana'izar kowa ba sai ta ji an buɗe lungun, ko da tawa ce.

Daga nan na yi Bawku, ta Bolga da Zebilla. Lokacin garin ba lafiya, ana rikici, kun sani, shinge bayan shinge a hanya, a sauke mu a duba jaka a duba fuska, cikin motar shiru ko mai tallan magani bai buɗe baki ba. Kowa yana tsoron abin da ke gaba, ni ina tsoron abin da na baro a baya. Duk lokacin da waya ta yi motsi a aljihuna sai in ce shi ke nan, ta tafi. Sau ɗaya Fuseini ne kuwa, na kasa ɗauka har ta katse, na kira shi, ashe cewa zai yi ta sha kunu cokali biyar. Na yi hamdala da ƙarfi har sojan da ke duba mu ya juyo. Alhassan na same shi a cikin buhunan albasarsa, ya sa hannu a tsaye bai ko karanta ba, ya tura ni tasha ya ce in bar garin tun rana tana sama. Ban kwana ba na juyo.

Na dawo Yendi da kusan duk abin da matar nan mai tabarau ta nema, sai na kasa kai shi. Takardar da za ta ceci gidan ita ce za ta ce da bakin ubana na yi gini a filin da ba nawa ba. Na ce a raina in suka karanta wannan layin, ba rumfa marar izini ba ce kuma, cin hanya ne, wa ya san hukuncinsa. Na yi tunanin in ɗiga ruwa a kan layin. Har na ɗebo ruwan a cokali, na tsaya a kan takardar, na ga hannun malamin nan da ya mutu tun tuni, na shanye ruwan. Na sa ta ƙarƙashin katifa. Sati uku kullum da safe in sa babbar riga in ce wa Azara na tafi ofis, in je in zauna a rumfar mai gyaran babur da ke kallon ofishin, in ga masu shiga da masu fita, in dawo in ce an ce gobe. Daga nan in wuce lungu da koko.

Mma Sanatu ta rame har ta koma kamar yarinya a cikin zane. Bakinta ya karkace amma magana tana fita in ka matso. Ta san ni tun ina satar mata gyaɗa a faranti, ɗan Hausa take kirana, ba ta taɓa kiran sunana ba. Wata safiya Fuseini ya fita karɓo magani, ya bar mu mu biyu. Ina ba ta koko a cokali ina yi mata surutun da na saba, cewa ta kusa miƙewa, da ta warke zan sa a tuƙa mu a mota har Tamale. Ta kawar da kai daga cokalin, ta kafe ni da idonta mai kyau ɗin.

"Ɗan Hausa, na san abin da ke kawo ka."

Na ce Mma, gaisuwa ce.

"Ina jin ka kana aunawa da igiya, ɗakina jikin lungu yake. Ina ta ƙoƙari in jira ka, amma na gaji. Kar ka damu. Ka ga yadda na koma, ba nauyi. A karkace ma zan wuce."

Ban san me na ce ba. Na san dai na ajiye kofin, na fito, na bi ta 'yar hanyar nan kafaɗata tana gogar jan gicciyen, na shiga motar da na daɗe ban shiga ba na ɗaga gilashi, na yi kukan da ban yi ba ranar da uwata ta rasu. Kada ku ce daga nan na gyaru. Da na share hawaye ban ɗauko takarda na nufi ofis ba, ban kira mai walda ba. Na ce gobe. Tsoro bai san kunya ba, nawa dai bai sani ba.

Ta ba ni kwana huɗu. Ran Alhamis, rana ta ɗan ɗaga, ina shan shayi a zaure, na ji kukan mata ya taso daga cikin lungu. Ba wanda ya zo ya gaya mini, ba a bukata. Na zauna da kofi a hannu ina jin mutane suna taruwa a waje, ina jin ana cewa bayan azahar za a kai ta, ina jin muryar Afa Yakubu yana cewa a je a ɗauko makara. Daga nan sai hayaniyar ta ragu, irin shirun da mutane ke yi in sun iso wuri sun ga abin da kowa ya sani amma ba mai son ya fara faɗa. Wani ya ce a gwada a karkace. Wani ya ce ko ta katangar maƙwabta. Ban tashi ba. Ina ganin katafila a idona, ina ganin katifunmu a titi, marayun wana zaune a kan buhunan kaya.

Azara ta fito daga ɗakin girki. Ta ajiye zarton ƙarfe a kan cinyata, sabon haƙori a jikinsa. Daga baya na ji tun ranar da tsohuwar ta faɗi ta aro shi wurin mai walda ta ɓoye bayan buhun gawayi. Na dube ta na ce, Azara, gidan fa? Ta ce gidan na masu rai ne, suna da ƙafa, waccan ba ta da.

Na fita. Mutane suka buɗe mini hanya, makara tana ajiye a bakin kwata. Na durƙusa a gindin bututun mai jan gicciye na fara yanka, zarton yana tsalle. Wani ya ce Baba Seidu, an fa sa wa abin nan alama. Na ce na gani, ni aka sa wa. Ban kai rabi ba numfashina ya ƙare, samari suka karɓa, amma na farkon ni na fara shi, wannan kaɗai nake da shi a labarin nan, ku bar mini. Aka ce a tura motar waje tukuna, tayoyi a sace, sitiyari a kulle, makullin kuma na manta inda na ɓoye shi don kada ku taɓa. Na ce a bar ta, tana manne da katangarmu, bututun ne suka ci hanya. Da bututu na biyu ya tafi, kwanon ya sunkuyo a hankali, sannan ya zauna a kan motar gaba ɗaya, gilashin gaba ya tarwatse. Aka ja kwanon gefe, aka buge guntayen ƙarfen da guduma har suka kwanta, aka share gilashi. Makara ta shiga a miƙe. Da za a fito da ita na kama gaba ta dama, ɓangaren katangarmu. Gaskiyarta ne, ba nauyi. Mu huɗu muka wuce, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa komai.

Washegari Juma'a na sa babbar riga, wannan karon na tsallaka titin. Na ajiye takardar ubana a teburin ofisan na ce masa na taɓa, na cire duka, ga dalili, in katafila ce a ba mu kwana biyu mu kwashe kaya. Ya juya takardar sama da ƙasa bai san ta inda ake farawa ba, ya ce in karanta. Na karanta masa, har da layin, ban yi tari ba. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce na raina ofis sau biyu, da na gina da kuma da na rushe, ya sa na yi ta zarya wata huɗu. Katafila ba ta zo ba. Mai awo ne ya zo, ya zana gidan, ya zana lungun da faɗinsa na asali, aka buga hatimi. Famit ɗin da ya fito daga ƙarshe na rumfa ce a jikin katanga, faɗinta bai wuce benci ba. Ita ce wadda kuke zama a ciki yanzu kuna cin gyaɗa. Motar kuwa masu kayan gyara suka saye ta, na gaya wa Mahama iska ce ta kayar da rumfar. Mahama, ba iska ba ce.

Ranar sadakar bakwai Fuseini ya miƙe a gaban jama'a ya ce bai taɓa ganin maƙwabci irina ba, mutumin da ya yi jinyar uwar wani wata biyu, sannan ya rushe rumfarsa a kan motarsa don ta fita da mutunci. Aka yi ta sa mini albarka, na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka tawali'u ne. Tun daga shekarar duk sallah sai ya ɗinka mini riga kyauta, ni kuma in karɓa in sa. Sau da yawa na je shagonsa da niyyar in gaya masa cewa uwarsa ta ƙara kwanaki tana wahala a kan tabarma tana jiran matsoraci ya tsallaka titi, in na zauna sai in ce ya rage mini wuyan riga.

Saboda haka ga aikin da na bar muku. Wanda ya fi iya karatu a cikinku ya ɗauki wannan rubutun ya shiga lungu ya karanta wa Fuseini, daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake komai don ya rufa mini asiri. Amma ku bari sai an fitar da ni a makara tukuna. Na je jiya na dube shi yana yankan yadi, har yanzu hannunsa da ƙarfi.